Naƙuda da haihuwa a cikin ruwa: yadda mace a Damagaram za ta shirya tare da ungozoma

Matan Damagaram sun san ruwan zafi a harkar haihuwa tun kaka da kakanni, amma bayan an sauka suka san shi, lokacin da ake hura wuta safe da yamma domin wankan jego. Shiga ruwa tun ana naƙuda, har jariri ya fito a cikinsa, baƙon abu ne a wurinmu, kuma yawancin waɗanda suka san da shi a waya suka gani, inda ake nuna mace a cikin kwami, wato babban mazubin ruwa mai zurfi da mutum ke zama a ciki, rungume da jaririnta ba tare da an nuna shirin da aka yi kafin ta shiga ba. Wannan shirin nake so in shimfiɗa miki, 'yar'uwa mai juna biyu, domin ruwan ɗumi yana rage zafin naƙuda da gaske, amma ba ya tsayar da jini idan ya ɓalle, ba ya gyara kwanciyar ɗan da ya gicciye, kuma ba ya farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi kuka ba. Waɗannan duka suna hannun ƙwararriyar ungozoma da asibitin da ke bayanta, saboda haka duk shawarar da za ta biyo baya a kan wannan sharaɗi take tsaye.

Wani likita Bafaranshe mai suna Michel Odent ne ya shahara da wannan hanya. A shekarun 1970 ya ajiye kwami a ɗakin haihuwar asibitin garin Pithiviers domin mata su shiga su sami sauƙi, sai wasunsu suka riƙa haihuwa tun ba su fito ba, kuma a 1983 ya wallafa bayani a kan haihuwa 100 da aka yi a cikin ruwa. A 2018 cibiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta haɗa gwaje-gwaje 15 da suka ƙunshi mata 3,663, ta ga cewa shiga ruwa ana naƙuda, kafin a kai ga yunƙuri, yana rage buƙatar allurar baya mai kashe zafi, kuma ba a ga alamar ƙarin illa ga uwa ko jariri ba. A 2024 aka fitar da wani babban bincike daga Birtaniya a kan mata sama da 70,000 masu lafiyayyen ciki, wanda ya nuna cewa waɗanda suka haihu a cikin ruwan ba su fi waɗanda suka fito kafin haihuwa samun mummunan ƙari ko rashin lafiyar jariri ba. Duk da haka likitoci ba su taru a kan magana ɗaya ba, domin ƙungiyar likitocin mata ta Amurka a 2016 ta amince da yin naƙuda a cikin ruwa ga mai lafiyayyen ciki, amma ta ba da shawarar a fito a haihu a waje.

Abu biyu ke nan da ya kamata ki rarrabe tun yanzu: yin naƙuda a cikin ruwa daban, haihuwa a ƙarƙashin ruwa daban. Na farkon ya fi sauƙin shiri, kuma mafi yawan amfanin da ake nema a cikinsa yake. Na biyun yana buƙatar kwami mai zurfi, da ruwa mai yawa, da ungozomar da hannunta ya saba. A tuna kuma cewa duk kyakkyawan sakamakon da na ambata ya fito ne daga wuraren da famfo ba ya ƙafewa, ɗakin tiyata kuma yana kusa. A ganina, ga mafi yawan matanmu na farkon ne ya dace, na biyun kuwa sai inda sharuɗɗa suka cika ba tare da an yi wa ko ɗaya rangwame ba.

Abin da mace take ji idan ta shiga shi ne sauƙin nauyi kafin komai. Duk wadda ta taɓa jan ruwa ta san cewa guga ba shi da nauyi muddin yana cikin rijiya, sai ya baro ruwan hannu yake ji, to haka ciki yake yi wa ƙugu da gadon baya. Ɗumin yana saki jijiyoyin da suka ɗaure, mace ta iya juyawa ko ta durƙusa ba tare da an kama ta ba, numfashinta ya daidaita, tsoro ya ragu. Ciwon ba ya gushewa, kada wani ya yi miki wannan alkawari, sai dai tsakanin murɗa da murɗa ana samun hutu na gaske. Akwai kuma abin da ya dace da tarbiyyarmu, wato ruwan yana suturta mace, tana iya shiga da riga marar nauyi, kuma durƙuson da iyayenmu suka saba haihuwa a kansa ya fi sauƙi a cikin ruwa fiye da a kan gadon asibiti.

Fara da awo

Ba a yanke wannan shawara a ranar naƙuda. A wurin awo ake gane wadda ya dace ta shiga ruwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu, na farko a cikin makonni 12 na farko. Ki riƙe katin awonki da kyau, ki tabbatar an auna miki hawan jini a kowane zuwa, an gwada yawan jininki da rukuninsa, an yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, an yi miki allurar tetanus, kina shan maganin ƙarin jini kullum, kuma kina karɓar ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa wata-wata tun daga wata na huɗu. Hoton ciki a ƙarshen ciki yana da muhimmanci, domin shi zai nuna ko kan ɗan ne a ƙasa, ko ɗaya ne, da kuma inda mabiyiya take.

Wadda za ta shiga ruwa ita ce wadda cikinta ya cika mako 37 bai kai 42 ba, ɗa ɗaya take ɗauke da shi, kansa ya juyo ƙasa, naƙuda kuma ta zo da kanta. Idan jininki ya hau zuwa 140 bisa 90, ko ƙafafu da fuska suna kumbura tare da ciwon kai, ko kin taɓa yin jijjiga, ko kina da farfaɗiya, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko kin ga jini a cikin wannan cikin, to ki cire maganar ruwa daga ranki. Haka ma wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa, da wadda ta taɓa zubar da jini mai yawa bayan haihuwa, da wadda ta yi haihuwa da yawa har mahaifarta ta gaji, da yarinya ƙarama mai cikin fari wadda ƙugunta bai gama buɗewa ba. Waɗannan wurinsu yana kusa da likita, a inda ake iya ƙara jini da yin tiyata. Wadda gwajinta ya nuna ciwon hanta ko ƙanjamau ta bar likita ya yanke hukunci, domin jini yana cakuɗuwa da ruwan kwamin.

Ungozoma da wurin haihuwa

Ungozomar gargajiya tana da girmanta a unguwa, kuma tana iya zama kusa da ke ta riƙe hannunki ta yi miki addu'a, amma wannan aiki na ungozomar asibiti ne mai takardar shaida, wadda ta iya sauraren bugun zuciyar ɗa, ta iya ɗinki, ta iya tsayar da jini, ta iya hura wa jariri numfashi. Kada ki ɗauka cewa ɗakin haihuwar da kike awo yana da kwami ko ya yarda da a kawo, ki tambaya tun ciki yana wata shida ko bakwai. Ki yi tambayar cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba: “Malama, kin taɓa karɓar haihuwa a cikin ruwa, kuma an koya miki? Idan jariri ya fito bai yi numfashi ba, da me za ki taimake shi? Idan jini ya ɓalle, wace allura ke hannunki, kuma ina za mu nufa?” Ungozoma ta gari ba ta jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Idan ta ce ba ta saba ba, ki gode mata a kan gaskiyarta, ku tsaya a kan naƙuda da ruwan ɗumi kawai, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wurin da ya fi dacewa shi ne cikin ɗakin haihuwa na asibiti ko wanda ke maƙwabtaka da shi. A cikin birnin Damagaram akwai babban asibitin ƙasa da cibiyar kula da lafiyar uwa da yara, inda ake tura haihuwar da ta zo da gardama, kuma tun 2005 gwamnatin Nijar ta sanya tiyatar haihuwa ta zama kyauta a asibitocin gwamnati. Wannan ba zai hana ki ajiye kuɗin mota da na magani ba. Wadda ke zaune a Birni ko Zango ko Sabon Gari tana da kusanci, amma wadda aka kai gidan iyayenta goyon ciki a wani ƙauye na Mirya ko Matamaye ko Magarya dole ta yi lissafin hanya, musamman da damina, kuma idan hanyar ta yi nisa to haihuwa cikin ruwa a gida ba ta taso ba.

Maganar maigida ta zo a nan. Mata da yawa sun rasa ransu ko sun kamu da yoyon fitsari saboda an zauna ana jiran mai ba da izini ya dawo daga kasuwa ko daga tafiya. Ku zauna tun da wuri, ke da shi da Inna ko uwar mijinki, ya faɗa a gaban kowa cewa duk lokacin da ungozoma ta ce a tafi asibiti, an tafi ke nan ko yana nan ko ba ya nan. A ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita guda biyu, waɗanda za su amsa ko da tsakar dare, kuma a san mutum biyu daga dangi waɗanda jininsu ya dace da naki kuma suka yarda su bayar.

Maganar ruwan kansa

A nan ne shirin ya fi wahala a garinmu, inda ƙarancin ruwa tsohuwar matsala ce, har ana lissafa shi cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mayar Yamai a 1926. Kwamin haihuwa na roba, irin wanda ake hura wa iska, yana cin ruwa tsakanin lita 450 da 650, wato jarka mai lita 25 kusan guda 18 zuwa 26. Dole ruwan ya kai ƙirjin mace idan ta zauna, ya rufe cikin gaba ɗaya, in ba haka ba nauyin ba zai ɗauke ba, kuma jariri ba zai sami zurfin da yake buƙata ba. Idan naƙuda ta yi tsawo ko ruwan ya gurɓace, za a zubar a sake sabo, saboda haka wanda ya tanadi cika ɗaya bai gama tanadi ba.

Ƙa'idar tsabta mai sauƙin riƙewa ce: ruwan da ba za ki sha ba, kada ki haihu a cikinsa. Ruwan tafki, da na rijiyar da ba ta da murfi, da wanda aka sayo wurin mai garuwa ba a san inda ya ɗebo ba, duk ba su dace ba, domin ruwan zai taɓa bakin mahaifa a buɗe, zai kuma taɓa ido da baki da cibiyar jariri. Ruwan famfo sabo ake nema, a bar shi ya zuba na 'yan mintoci kafin a fara tara, a yi amfani da sabon tiyo da jarkokin da aka wanke sosai, ba waɗanda suka taɓa ɗaukar mai ba. Matsalar ita ce a wurinmu an saba tara ruwa a duro ko a tankin saman ɗaki saboda ba a san ranar da famfo zai kawo ba, kuma ruwan da ya kwana ya wuni cikin ɗumi shi ne mazaunin wata ƙwayar cuta mai suna Legionella, wadda ke hayayyafa tsakanin digiri 20 da 45 kuma take kama huhun jariri. A 2014 hukumomin lafiya a Ingila sun hana amfani da kwamin da ake cikawa kwanaki kafin naƙuda ana ta ɗumama shi, bayan wani jariri ya kamu da wannan cuta. Tankin da rana ta Afrilu ke duka tun safe yana cikin wannan zafin daidai. Saboda haka ba a cika kwami sai naƙuda ta kankama, kuma idan babu sabon ruwa mai tsabta a ranar, a haƙura. A shimfiɗa sabuwar leda ta musamman a cikin kwamin, wadda ake amfani da ita sau ɗaya a yar, kuma kada a zuba komai a ruwan, ko sabulu, ko turare, ko gishiri, ko ganyen dogon yaro, ko wani jiƙo.

Sai zafi, wanda nake roƙon iyaye mata su saurara da kyau, domin hannun da ya saba haɗa ruwan jego zai ga wannan kamar bai yi ɗumi ba. Ruwan naƙuda ɗumin jiki ne kawai, kuma bai kamata ya wuce digiri 37.5 ba. Ɗan da ke ciki ya ɗan fi uwarsa zafi, kuma ta jikinta yake fitar da zafinsa, don haka idan jikinta ya yi zafi bugun zuciyarsa yana ƙaruwa, buƙatarsa ta iska ta ƙaru, ita ma uwar tana iya jin jiri ta suma. Ba a gwada wannan da gwiwar hannu, a sayi ma'aunin zafi a bar shi a cikin ruwan, ungozoma ta duba shi tare da zafin jikin uwa kowace awa. Da bazara, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, a bar ruwan ya ɗan yi ƙasa da haka, a buɗe taga, a riƙa goge mata fuska da tsumma mai sanyi. Da hunturu kuwa ruwan yana hucewa da sauri, sai a ajiye tukunya a kan wuta a tsakar gida, a riƙa ɗebe bokiti ana ƙara wani, ana zubawa nesa da jikinta ana gaurayawa. Kada a shigo da gawayi mai ci cikin rufaffen ɗaki, kada a tsoma hita ta lantarki a kwamin, kuma a nisantar da duk wayar wuta. A tanadi fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta, a shimfiɗa buhu ko tabarma a ƙasa saboda santsi.

Ranar naƙuda

Ki sanar da ungozoma da zarar ciwon ya fara zuwa a kan tsari, ko faya ta fashe, ko kin ga jini. Na san kunyar ɗan fari tana sa yarinya ta cije ta ɓoye har sai abu ya yi nisa, amma a wannan tsari ɓoyewa tana ɓata komai, domin cika kwami da daidaita zafinsa suna cin lokaci. Idan kin sha wani maganin zaƙi ko jiƙon saurin naƙuda, ki gaya mata gaskiya, kuma kada ki yarda kowa ya yi miki allurar naƙuda a gida, domin tana iya fasa mahaifa.

Kafin ki shiga, ungozoma za ta auna jininki da zafin jikinki, ta lalubi kwanciyar ɗan, ta saurari zuciyarsa, ta duba buɗewar bakin mahaifa. Yawancin ungozomomi suna jira sai naƙuda ta kankama, bakin mahaifa ya buɗe wajen santimita 5, saboda shiga da wuri yakan sa murɗar ta lafa. Idan hakan ta faru ba abin tsoro ba ne, sai ki fito ki zagaya tsakar ɗaki, ki koma daga baya. Wadda aka yi wa allurar rage zafi mai sa barci ba ta shiga ruwa sai bayan awa biyu, kuma sai idanunta sun washe. Wadda aka ɗaura wa ruwan naƙuda ba ta shiga.

A cikin ruwan, ki bi abin da jikinki ya nema: ki durƙusa ki jingina hannuwa a bakin kwamin, ko ki zauna ki miƙe ƙafafu, ko ki kishingiɗa ta gefe. Ki riƙa kurɓar ruwa akai-akai, domin ɗumi yana sa gumi ko ba ki lura ba, kuma kina iya shan kunu marar kauri ko ki ci dabino. Ki fito ki yi fitsari kowace awa biyu, saboda cikakkiyar mafitsara tana tare wa kai hanya. Ungozoma za ta saurari bugun zuciyar ɗan kowane minti 15 zuwa 30, idan an kai ga yunƙuri kuma kowane minti 5, da na'urar da ruwa ba ya ɓata ta, ko kuma ki ɗaga cikin sama da ruwa ta saurara. Ba a barin mace ita kaɗai a cikin kwami ko na minti ɗaya, kuma a sami mata biyu masu ƙarfi a kusa waɗanda za su iya ciro ta idan ta suma. Idan bayan gida ya fito lokacin yunƙuri, wanda abu ne da ke faruwa ga kusan kowa, sai a kwashe nan take da ƙaramar rariya, ba abin kunya ba ne.

Akwai alamomin da idan suka bayyana babu muhawara. Idan ruwan faya ya fito kore ko baƙi-baƙi, alamar ɗan ya yi kashi a ciki, ko bugun zuciyarsa ya yi sama ko ƙasa fiye da kima, ko jini ja ya fito, ko zazzaɓi ya kama uwa, ko jininta ya hau, ko ta ji jiri, ko naƙuda ta tsaya wuri ɗaya, ko kai ya fito kafaɗa ta maƙale, to ungozoma za ta ce “fito”, kuma ki fito a lokacin ba sai an maimaita ba. Ku yi wannan alkawari tun kafin ranar. Fitowa ba gazawa ba ce, mata da yawa da kansu suke neman fita idan haihuwa ta matso, saboda suna son jin ƙasa a ƙarƙashin gwiwoyinsu.

Idan jariri zai fito a cikin ruwa

Tambayar da kowace kaka za ta yi ita ce ko ɗan ba zai shaƙi ruwa ba. Jariri wata tara ya yi a cikin ruwa, kuma ta cibiya yake samun iskarsa har zuwa lokacin da ya fito. Abin da ke tayar masa da numfashin farko shi ne iska da sanyi da suka taɓa fuskarsa, don haka lafiyayyen jariri da ya fito cikin ruwa mai ɗumin jikin uwarsa ba ya jan numfashi a 'yan daƙiƙun nan. Amma jaririn da ya galabaita a ciki yana iya yin haki tun bai iso sama ba, kuma wannan ne dalilin yawan sauraren zuciyarsa da dalilin fitar da uwa idan an ji wani canji.

Daga nan ƙa'idoji uku suke fitowa. Ɗan ya fito gaba ɗayansa a ƙarƙashin ruwa, saboda haka uwa ta bar ƙugunta a nutse, idan kuwa ta miƙe har iska ta taɓa kansa, to ta ƙarasa haihuwar a sama kada ta koma. Ungozoma ba ta jan kai kuma ba ta yawan taɓa shi, tana kallo ne da fitila, tana barin murɗa ta gaba ta fito da kafaɗu. Da zarar jiki ya fito, a ɗago shi nan take, a hankali, fuska ta fara fitowa, kuma ba a sake mayar da fuskarsa cikin ruwa. A hankalin nan yana da dalili, domin tsinkewar cibiya ta fi faruwa a haihuwar ruwa idan aka fizgo jariri alhali cibiyarsa gajeriya ce, shi ya sa abin matse cibiya yake kasancewa a hannun ungozoma tun kafin kai ya fito. A ɗora shi a ƙirjin uwa, a goge masa kai a rufe, a duba numfashinsa. Idan bai yi numfashi ba bayan an goge shi an murza bayansa, a yanke cibiya a kai shi busasshen wuri a fara hura masa iska a cikin minti na farko. Idan lafiya lau yake, a jira minti 1 zuwa 3 kafin a matse cibiya, domin jinin da ke cikinta ya ƙarasa shiga jikinsa.

Mabiyiya a waje ya fi kyau ta fito. A cikin ruwa ba a iya sanin yawan jinin da ya zuba, kuma zubar jini bayan haihuwa, wato lita rabi ko fiye, shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu haihuwa. A taimaka wa uwa ta fito a hankali, a goge ta a lulluɓe, a yi mata allurar oksitosin da ke sa mahaifa ta tsuke, ungozoma ta duba mabiyiyar ta tabbatar babu ɓangaren da ya rage, ta kuma duba ko an ƙaru.

Idan babu kwami

Wannan ne halin da yawancinmu za su sami kansu, kuma ba a rasa komai mai girma ba. Mace tana iya zama a kan kujera 'yar tsugunno a makewayi mai tsabta, 'yar'uwarta tana kwarara mata ruwan ɗumi da moɗa a gadon baya da ƙugu duk lokacin da murɗa ta taso, ko a jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi a dafa mata a ƙugu da mara tare da tausa. Bokiti biyu ko uku sun isa wannan, kuma sauƙin da ake samu ba kaɗan ba ne. Lokacin da kai ya fara leƙowa, ungozoma tana iya dafa tsumma mai ɗumi a gaban mace, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi domin rage mummunan ƙari.

Abin da nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne haihuwa a cikin baho. Bahon wanki, komai girmansa, ba shi da zurfi, saboda haka kan jariri zai fito rabi a ruwa rabi a iska, ya ja numfashi, sannan ruwa ya shiga masa hanci da baki. Wannan shi ne haɗarin da duk ƙa'idojin da suka gabata suke gudu. Ana iya zama a baho a farkon naƙuda muddin faya ba ta fashe ba kuma ruwan mai tsabta ne, amma da zarar an ji nishi ya taho a fito.

Bayan an sauka, jariri ya zauna fata da fata a ƙirjin uwarsa na awa ɗaya aƙalla, ya kama nono a cikin wannan awar, kuma kada a matse dakashi a zubar, domin shi ne rigakafinsa na farko. Haihuwarsa a ruwa ba wanka ba ce kuma ba dalilin yi masa wanka da wuri ba ce, a jinkirta har awa 24, a bar cibiya a bushe ba tare da toka ko man shafawa ko gashi da tsumma ba, sai maganin da ma'aikacin lafiya ya bayar. Uwa ta kasance a ƙarƙashin kulawa awa 24 na farko, ana duba jini da tsukewar mahaifa, sannan a sake duba su biyun a rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, da kuma bayan mako 6, a yi wa jaririn rigakafin da ake yi lokacin haihuwa. Idan a cikin kwanakin nan jariri ya yi zazzaɓi ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri yana gurnani, ko ya ƙi nono, ko cibiyarsa ta yi ja tana wari, ko uwa ta ga jini yana jiƙa ƙunzugu cikin ƙasa da awa ɗaya, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, a tafi asibiti a wannan lokacin, kuma a gaya wa likita cewa a cikin ruwa aka yi naƙudar ko haihuwar, da irin ruwan da aka yi amfani da shi.